Daga Talabijin ɗin Yamai Zuwa Wayar Hannu: Me Na'ura Take Koya wa Yara?

A shekarar 1964, lokacin da galibin garuruwan Nijar ba su san wutar lantarki ba, gwamnatin Diori Hamani ta shigar da akwatin talabijin cikin azuzuwan firamare. Ƙasar ko gidan talabijin na jama'a ba ta da shi a lokacin, domin sai a ƙarshen shekarun 1970 aka buɗe Télé Sahel. Wato 'yan aji ɗaya sun riga attajiran gari kallon akwatin. Abin da ya kawo haka ƙarancin malamai ne. Ƙasa ta sami 'yancin kai, yara sun cika ƙauyuka, ƙwararrun malamai kuwa ba su taka kara sun karya ba. Sai Faransawa masu ba da shawara suka ce a tara gwanayen koyarwa a Yamai su shirya darussa, a watsa wa azuzuwa, a kowane aji kuma a ajiye wani matashi mai ilimin firamare da aka horar na 'yan watanni ya riƙa bi da yara bayan an kashe akwatin.

Bayan gwajin farko, shirin ya kai azuzuwa ashirin da 'yan kai, yara wajen 800. Darussan gajeru ne, da wasan kwaikwayo da zane-zane, kuma waɗanda suka ziyarci azuzuwan sun yaba da yadda bakin yaran ya buɗe da Faransanci, da yadda ba sa gudun makaranta. Inda babu lantarki aka yi ta fama da batura, har a 1968 aka kafa farantin sola a wata makaranta kusa da Yamai don kunna akwatin, shekaru da dama kafin sola ta zama kayan kasuwa.

Duk da wannan yabo, shirin bai taɓa kaiwa ga mafi yawan yaran Nijar ba. Kuɗinsa da ƙwararrunsa daga waje suke zuwa, jami'an ilimi da tsofaffin malamai da yawa kuma kallon baƙo suke yi masa. Da shekarun 1970 suka zo ƙarshe, sai ya mutu, kayan aikinsa suka koma hannun gidan talabijin na ƙasa. Kwaddibuwa ta yi irin wannan gwaji da ya fi na Nijar girma nesa ba kusa ba, daga 1971, da cibiya a Buwake. A 1982 ita ma ta naɗe tabarmarsa bayan iyaye da malamai sun yi ta ƙorafin cewa yara sun iya magana amma rubutu ya gagare su.

Ana tuna wannan tarihi ne saboda alƙawarin da aka yi da talabijin shi ake sake yi duk lokacin da sabuwar na'ura ta fito. Kowane zamani akwai mai cewa ga abin da zai raba mu da matsalar malamai.

Mafi ƙaurin suna cikin irin waɗannan alƙawura shi ne na Nicholas Negroponte, malami a jami'ar MIT ta Amurka, wanda a 2005 ya shelanta cewa zai ƙera kwamfutar tafi-da-gidanka ta dala 100 a bai wa kowane yaro a ƙasashe matalauta. Tunaninsa shi ne yaro na da son sani, idan ka miƙa masa na'ura zai koya wa kansa. Nijeriya na cikin ƙasashen farko da suka nuna sha'awa, aka kuma gwada shirin a 2007 a makarantar firamare ta Galadima da ke gefen Abuja. Yara sun yi murna da 'yan kwamfutocin nan masu launin kore da fari, 'yan jarida sun zo sun ɗauki hotuna. Ba a jima ba sai ga matsalolin caji da gyara da kuɗin intanet, har da labarin da ya bazu cewa wasu yaran sun leƙa shafukan batsa, abin da ya sa aka saka matattara a na'urorin. Ministan ilimi na lokacin, Igwe Aja-Nwachuku, ya fito ya tambayi amfanin kwamfuta ga yaron da ba shi da kujerar zama a aji. Farashin ma bai tsaya a dala 100 ba, ya kusa ninkawa, babbar odar da aka yi ta maganar Nijeriya za ta yi kuma ba ta tabbata ba.

Peru ce ta rungumi shirin da gaske, ta sayi kwamfutocin dubu ɗaruruwa ta raba har cikin ƙauyukan kan duwatsu. Masu bincike na Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka suka bi makarantu 319, suka gwada waɗanda aka bai wa da waɗanda ba a bai wa ba. Sakamakon da suka fitar a 2012 ya nuna yaran sun iya sarrafa kwamfuta sarai, amma bayan watanni goma sha biyar babu wani ƙarin da aka gani a lissafi ko karatun harshe. An raba na'ura, ba a taɓa yadda malami yake koyarwa ba, abin da ke cikin na'urar kuma ba a ɗaure shi da darasin aji ba.

Wani zai ce to ai shi ke nan, a koma ga allo da alli. Hujjojin ba su ce haka ba. A birnin Delhi na Indiya an gwada wata manhaja mai suna Mindspark da yara ɗari shida da 'yan kai daga gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Aikin manhajar shi ne ta fara auna inda yaro yake. Ɗan aji shida da lissafinsa bai wuce na aji uku ba, daga aji uku za ta ɗauko shi, ta lura da irin kuskuren da yake maimaitawa, ta yi ta ba shi aikin da ya dace da shi. Rabin lokacin yaro yana gaban kwamfuta, rabi yana tare da mai koyarwa a ƙaramin rukuni. Cikin watanni huɗu da rabi yaran suka yi wa takwarorinsu fintinkau a lissafi da harshen Hindi. Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban yara ɗari a aji ɗaya, a Kano ko a Maraɗi, ya san darajar wannan. Ba shi da halin sanin inda kowane yaro ya maƙale. Manhajar hukuma yake bi, wanda ya gane ya gane, wanda bai gane ba ya haura aji na gaba da jahilcinsa. A nan na'ura take yin abin da mutum ɗaya ba zai iya ba.

Akwai kuma tsohuwar na'urar da ake rainawa. Tun 1974 masana daga jami'ar Stanford suka fara koyar da lissafi ta rediyo a Nikaraguwa, da salon da mai gabatarwa zai yi tambaya ya yi shiru, yara su amsa da baki, malamin aji yana tsaye yana duba su. Salon ya yi aiki har ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. A Nijeriya, Hukumar Ilimin Makiyaya da aka kafa a 1989 ta daɗe tana isa rugage ta Rediyon Tarayya na Kaduna. Rediyo ba ya neman data, batura biyu sun ishe shi, kuma Bahaushe ba ya bukatar a koya masa sauraronsa.

Annobar korona ce ta tona asirin kowa. Da aka rufe makarantun Nijeriya a watan Maris na 2020, 'ya'yan masu hali a makarantu masu tsada suka koma karatu ta Zoom, jihohi irin su Kaduna da Kano kuma suka koma ga rediyo da talabijin. Rahoton da UNESCO ta fitar a 2023 kan fasaha a harkar ilimi ya ce aƙalla yara rabin biliyan a duniya karatun nesa bai kai gare su ba ta kowace hanya, kuma mafi yawansu matalauta ne da mazauna karkara. Rahoton ya ƙara da cewa makarantar firamare ɗaya cikin huɗu a duniya ba ta da lantarki. A daidai wannan lokaci wata ƙungiya a Botswana, Young 1ove, ta yi abin da ba ya ɗaukar ido: saƙon tes ɗauke da 'yan tambayoyin lissafi kowane mako, sai mai koyarwa ya kira wayar gidan ya yi kamar minti ashirin da yaro, uwa ko uba na kusa. Ƙaramar waya mai tocila ta wadatar. Binciken da aka yi ya nuna yawan yaran da ba su iya ko lissafin farko ba ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a gidajen da aka riƙa kira.

Jama'a dai ba su jira gwamnati ba. Tun zamanin kaset ake sauraron tafsiri da karatun littattafai a shaguna da motocin haya, yau kuma abin ya koma katin waya da zaurukan WhatsApp. Matar aure da ba ta samun fita Islamiyya kullum tana tura haddarta da murya, malama ta saurara ta gyara mata. Telan da ke son sabon ɗinki da mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano duk YouTube ne makarantarsu. Waɗannan sun ci riba ne saboda sun san abin da suke nema, kuma sau da yawa akwai wani na gaba da su da zai duba aikin. Ɗan shekara goma da aka bar shi da waya ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun, kuma masu TikTok sun fi malamin lissafi sanin yadda ake riƙe hankalinsa. Shi ya sa ƙasashe irin su Faransa, tun 2018, suka hana ɗalibai amfani da waya a firamare da ƙaramar sakandare, Suwidin kuma, wadda ta yi nisa wajen cika azuzuwa da na'urori, ta ware kuɗi a 2023 don dawo da littattafan takarda.

Inda fasaha ta shigo wa ɗaliban Nijeriya ba da sallama ba shi ne jarrabawa. Hukumar jarrabawar shiga jami'a, JAMB, ta fara jarrabawa ta kwamfuta a 2013, daga 2015 kuma ta daina ta takarda gaba ɗaya. An sami raguwar satar amsa ta tsohon salo, sakamako yana fita cikin kwanaki. Sai dai yaron da ya taso a ƙauye, wanda ya yi shekara shida yana kwafar darasin kwamfuta daga allo ba tare da ya taɓa ta ba, ranar jarrabawa ce ranar farko da zai zauna gabanta, agogo yana tafiya. Hukumar ta rage wahalar da tsarin amsawa da maɓallai takwas kacal, ba sai an riƙe linzami ba, amma fargabar tana nan. Na'urar ma tana kuskure: a 2025 shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito bainar jama'a ya amsa cewa tangarɗa ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas, aka sake musu jarrabawar. Hukumar WAEC ita ma ta bi sahun jarrabawa ta kwamfuta, ta fara da masu zana jarrabawa daga waje a 2024. Makarantar da ba ta da ɗakin kwamfuta mai aiki yanzu tana tura ɗalibanta fagen da ba ta shirya su ba.

Sabon yayi shi ne ƙirƙirarriyar basira. A 2024 an yi wani gwaji a jihar Edo da tallafin Bankin Duniya, inda ɗaliban sakandare suka yi makonni shida suna koyon Turanci da manhajar Copilot bayan an tashi makaranta, kuma sun fi waɗanda ba su shiga ba a gwajin da aka yi musu. Abin da masu tallan fasaha ba sa cika faɗa shi ne malamai ne suka tsara tambayoyin farko, suna zagaye cikin aji, suna nuna wa yara inda manhajar ta shirga ƙarya. Ɗalibin jami'a da yake sa ta rubuta masa aikin gida ya miƙa, shi da mai hayar wani ya yi masa atisaye duk ɗaya ne: an yi gumi, amma ba a jikinsa ba.

Sauran batun harshe, wanda ya fi shafar ƙasar Hausa. Talabijin ɗin Nijar da Faransanci ya yi magana da 'ya'yan Zabarmawa da Hausawa, yawancin manhajojin yau kuma da Turanci suke. Yaron da yake koyon haɗa baƙi da wasali ya fi saurin kamawa da harshen da yake ji a gida. Dandalin Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, yana da darussa da Hausa, kuma kyauta ne, sai dai data da waya. Irin wannan kayan har yanzu kaɗan ne idan aka dubi yawan masu jin harshen, kuma ba wanda zai rubuta su sai malaman Hausa da na lissafi da na kimiyya da suka san ajin da kansu.

Duk shekara ana jin wata jiha ko wani ɗan majalisa ya raba kwamfutoci a makarantu, a yanka zare, a ɗauki hoto. Iyaye da 'yan kwamitin kula da makaranta suna da haƙƙin komawa bayan wata shida su ce a buɗe musu ɗakin. Su tambayi hedimasta wa ke biyan kuɗin wuta ko gyaran sola, wane malami aka horar, sau nawa kowane aji yake shiga a mako, sannan su ɗauko yaro ɗan aji huɗu su ba shi littafi ya karanta musu shafi guda.