Katangar Tsaron Intanet da Hanyar Fitar da Rajistarta

Duk ofishin da ya haɗa kwamfutoci da yawa da intanet, ko asibiti ne a Tudun Wada, ko sakateriya a Kiru, ko cibiyar jarrabawar kwamfuta a Bebeji, yana bukatar na'urar da ake kira katangar tsaro. Aikinta irin na maigadi ne mai littafi a bakin ƙofa: ta bar wannan ya shiga, ta hana wancan, kuma ta rubuta kowa da lokacinsa. Wannan rubutun shi ne rajista, kuma ranar da aka yi kutse, ita ce shaidar da ake nema.

Matsalar ita ce ƙananan na'urori da yawa a ƙwaƙwalwar wucin gadi suke riƙe rajistar. Da an ɗauke wuta, ta tafi. Ɓarawon da ya samu shiga ma, ita yake fara gogewa. Shi ya sa ake tura ta nan take zuwa wata kwamfutar ajiya ta hanyar syslog, tsarin da Eric Allman ya ƙirƙira tun shekarun 1980. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ma ta wajabta wa kamfanonin sadarwa adana bayanan zirga-zirga har shekara biyu.

To, ta wace kafa za ta fita? Kafar gudanarwa galibi gigabit 1 ce, amma manyan na'urori suna da kafafen SFP+ masu gigabit 10, kuma ana iya ware guda don rajista kaɗai. Mai saiti zai ba ta adireshinta daban, ya umarci na'urar ta riƙa fitar da rajista ta nan, sannan ya tabbatar ɗan ƙarfen da ake sokawa a kafar ya dace da wayar gilashin da za ta ɗauki bayanan. Wani bai wuce mita 300 ba, wani yana kai kilomita 10. Idan aka haɗa su a karkace, fitilar kafar ba za ta ko kama ba. Sai zaɓin lambar da syslog zai bi: 514 ta UDP tana da sauƙi, amma in saƙo ya faɗi a hanya babu mai sanarwa, 6514 kuwa tana bi ta TCP, a rufe, ba mai iya karantawa.

A ganina, ɗokin gigabit 10 a kudancin Kano yawanci ɓarnar kuɗi ce. Yi lissafi: layi dubu a daƙiƙa, kowanne bayit 500, megabit 4 ke nan kacal. Kafa mai gigabit 1 ba za ta ma san an ɗora mata kaya ba. Inda gizo ke saƙar shi ne hanyar tura rajistar zuwa hedikwata a Kano. Ofishin da ke Riruwai, can bayan dajin Falgore, in da layin waya ya dogara, wannan lissafin zai ci masa gigabayit 43 a rana. Gara a ajiye kwamfutar rajistar a cikin ginin, a haɗa ta da batir da sola, a riƙa aika wa hedikwata masu muhimmanci kawai, kamar yunƙurin kutse da canjin saiti.

Agogon na'urar kuwa, a ɗaure shi da NTP, tsarin daidaita lokaci ta intanet. Wasu na'urorin ba su da batirin agogo, duk lokacin da aka kawo wuta sai su farka da tsohon kwanan wata, su ci gaba da rubuta shi a kan kowane layi.