ABIN DA BAƘIN RAMI YA HAƊIYE, KO YANA DAWOWA?

A sararin sama akwai wani abu da ake kira baƙin rami. Ba rijiya ba ne. Tauraro ne babba da ya mutu, ya dunƙule wuri guda. Ƙarfin jansa ya yi yawa ƙwarai, har haske ma in ya faɗa ciki ba ya fitowa. A shekarar 2019 aka fara samun hotonsa.

A shekarar 1974 wani masani na ƙasar Ingila, mai suna Stephen Hawking, ya yi lissafi. Ya gano cewa ramin yana fidda wani ɗan ɗumi kamar tururi. Kaɗan-kaɗan yana raguwa, har ya ƙare. Sai tambaya ta taso: to abin da ya haɗiye fa?

Ga misali. Mutum ya rubuta wasiƙa, ya jefa ta cikin wuta. Ba mai iya karanta ta kuma. Amma masana sun ce labarin bai ɓace ba, ya dai watse cikin toka da hayaƙi. Da za a tara su duka, a san yadda kowace ƙwaya ta tashi, da an maido da rubutun. Hawking ya ce baƙin rami dabam yake, shi yana shafe labarin ƙaƙaf. John Preskill na Amurka ya ƙi yarda. A 1997 suka sa sharaɗi. A 2004 Hawking ya ce an kada shi, ya biya da babban littafi.

A 2007 Preskill da abokin aikinsa Patrick Hayden suka ƙara gaba. Suka ce tsohon rami, wanda ya riga ya ragu fiye da rabi, kamar madubi yake. In an jefa masa saƙo, zai dama shi kamar yadda ake dama fura, sannan saƙon ya fito cikin tururin ba da daɗewa ba. Sai dai mai son karantawa, dole ya kasance ya tara dukan tururin tun farko. Wannan kam ba ƙaramin aiki ba ne!

Ba mai iya zuwa can ya gwada. Don haka aka koma ga wata sabuwar na'ura, kwamfutar kwantum. Ita tana lissafi da ƙwayoyi ƙanana ainun, waɗanda ake iya ɗaure su biyu-biyu kamar tagwaye. A 2019, a jami'ar Maryland ta Amurka, aka jera ƙwaya 7. Aka sa saƙo cikin ta fari. Aka dama shi cikin ƙwaya 3, su ne a madadin ramin. Wasu kuma suka tsaya a madadin tururin da aka tara. Da aka gama awo, sai ga saƙon ya ɓullo cikin ta 7. Ya yi daidai wajen kashi 80 cikin 100.

Gwajin ya nuna cewa abin da aka dama ana iya tsamo shi. Amma a lura: ƙwaya 7 cikin ɗakin gwaji ba tauraro ba ne. Har yanzu ba a taɓa auna tururin Hawking a sama ba. Baƙin ramin da aka sani mafi kusa da mu, haske ma sai ya yi tafiyar shekara fiye da 1500 kafin ya isa wurinsa.