Wanda Aka Yi wa Dashen Ƙoda, A Yi Hattara da Maganin Rage Kitsen Jini

Tun shekarar 2002 ake dashen ƙoda a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wasu kuma Indiya ko Masar suke zuwa. Sai dai dashe ba shi ne ƙarshen jinya ba. Magungunan da ake sha har ƙarshen rayuwa don kada jiki ya ƙi sabuwar ƙodar, irin su cyclosporine, sirolimus da prednisolone, suna ƙara kitse a cikin jini. Kitsen nan ne yake toshe jijiyoyi, ya jawo bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Ciwon zuciya kuwa yana kan gaba cikin abubuwan da ke ajalin masu dashe, alhali ƙodar tana aiki lafiya lau.

Shi ya sa likitoci ke ba su maganin rage kitsen jini, wanda sunansa a jikin kwali yakan ƙare da “statin”. Wani bincike da aka wallafa a 2003, a kan masu dashen ƙoda sama da 2,000 a Turai da Kanada, ya nuna fluvastatin ya rage bugun zuciya da mace-macen ciwon zuciya da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Amma fa ba kowane irinsa ne yake jituwa da maganin dashe ba. Cyclosporine yana hana hanta sarrafa wasu daga cikinsu, sai su taru a jini su fara cinye tsoka, dattin tsokar kuma ya toshe ƙodar da aka sha wahalar samu. A 2011 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta hana haɗa simvastatin da cyclosporine. Clarithromycin, erythromycin da ketoconazole, waɗanda ake saye a kemis babu takardar likita, su ma suna ƙara wannan haɗari.

Idan ka ji cinyoyinka da kafaɗunka suna ciwo ba tare da ka yi aikin ƙarfi ba, tashi daga tabarma yana gagarar ka, fitsarinka kuma ya yi duhu kamar baƙin shayi, kada ka ce gajiya ce ko shawara. Garzaya asibiti a ranar.

Kada ka karɓi ƙwayar maƙwabci don ta yi masa aiki, kada ka daina taka da kanka, kuma kada ka haɗa da jiƙo ko sassaƙe sai likitanka ya sani. Duk inda za a rubuta maka magani, fara da cewa: “An yi mini dashe.”