Tsangwama Ba Ta Raba Mutum Da Ƙwaya

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, akwai wata matsala da ba a son ambatonta a majalisa, amma tana nan a Jugu da Paraku kamar yadda take a sauran garuruwa: shan ƙwaya domin saduwa. Wasu samari kan sha tiramadol ko su haɗa ta da giya don gusar da kunya da tsoro, ko don su daɗe. A cikinsu akwai masu neman mata, akwai kuma maza masu neman maza, kuma waɗannan na biyu su ne suka fi ɓuya.

Hukuncin zina da luwaɗi da kayan maye sananne ne a shari'a, malamai sun yi bayaninsa. Abin da muke son dubawa shi ne me tsangwama ke haifarwa.

Tiramadol maganin ciwo ce mai sa jaraba. Idan ta yi yawa tana kawo farfaɗiya, idan aka haɗa ta da giya tana iya tsayar da numfashi. Wanda ya bugu ba ya tuna kariya, don haka ƙanjamau da ciwon hanta da tunjere ke samun hanya. A 2017 gwamnati ta kai samame kan masu sayar da jabun magani a Adjégounlè, cikin kasuwar Dantokpa ta Kwatano, amma har yau ana samun ƙwayar a ɓoye.

Ga yadda tsangwama ke aiki. Saurayi ya san idan asirinsa ya tonu za a kore shi daga gida, a yi masa waƙa a unguwa. Sai ya ƙi zuwa gwaji, don kada a tambaye shi. Idan abokinsa ya faɗi a ɗaki, sai a gudu a bar shi maimakon a kai shi asibiti. Da yawa kuma suna da aure ko za a yi musu, sai cutar ta isa ga mace da jaririn da ba su ji ba su gani ba.

Alhali magani na nan. A Benin kyauta ake ba da maganin ƙanjamau, kuma doka ta hana nuna wariya ga mai cutar da tona asirinsa. Wanda ke shan magani a kan ƙa'ida har ƙwayar cutar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya sa wa matarsa ita. Akwai kuma maganin kariya da ake farawa cikin awa 72 bayan an shiga haɗari.

Addininmu ma bai ce mu yi terere ba. Buhari ya ruwaito labarin wani sahabi da aka sha kamawa da shan giya. Da wani ya la'ance shi, Manzon Allah (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa.

Saboda haka, uba ya ja ɗansa gefe ya saurare shi kafin ya yi faɗa. Limami ya yi nasiha ba tare da nuna yatsa ba. Ma'aikacin asibiti ya riƙe amana. Masu shirin aure su yi gwaji. Wanda ƙwaya ta kama kada ya yanke ta dare ɗaya shi kaɗai, ya nemi likita ya rage masa sannu a hankali.

Allah Ya shirye mu, Ya rufa mana asiri duniya da lahira.