Wutar Lantarki Daga Koren Ganye

Kowane koren ganye da mai karatu ke gani, na dawa ne ko na kuka, wata 'yar tashar lantarki ce da ke aiki daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. A cikinsa akwai sinadarin da ake kira kulorofil, wanda shi ne ke ba shi launin kore. Idan haske ya sauka a kan wannan sinadari, sai ganye ya yi amfani da ƙarfin hasken ya fasa ruwan da saiwa ta zuƙo. Daga nan ake samun iskar oksijin da muke shaƙa, da kuma wasu 'yan ƙwayoyi masu suna ilektiron. Ita kuwa wutar lantarki ba komai ba ce illa gudun waɗannan ƙwayoyi a cikin waya. Tsiro yana amfani da nasa ne wajen haɗa sukari. To, shin za a iya tare su a hanya, a karkatar da su zuwa cikin waya?

A shekarar 1937 Robert Hill na Jami'ar Kambirij da ke Ingila ya nuna cewa abin mai yiwuwa ne. Ya ciro korayen sassan nan daga ganye, ya zuba musu wani sinadari mai ɗauke da ƙarfe, ya haska su. Sai suka ci gaba da fitar da oksijin, suna miƙa wa sinadarin ilektiron ɗinsu, alhali ba sa jikin tsiro.

Sai dai akwai cikas. Hasken da ke ciyar da ganye shi ne kuma ke ƙona shi. A tsakiyar injin da ke fasa ruwa akwai wani furotin da ake kira D1, wanda idan rana ta take yakan lalace cikin kimanin rabin sa'a. Ganye mai rai yakan cire lalatacce ya sa sabo, ba tare da aiki ya tsaya ba. Amma da zarar an raba injin da mai shi, babu sauran mai gyara. Ko da masana a Amurka suka koma ga wani sashe mai ƙarko a shekarar 2012, suka shimfiɗa shi a kan faranti, abin da ya zama lantarki bai wuce kashi 1 cikin 1,000 na hasken ba. Farantin sola na silikon da ake sayarwa a kasuwa a yau kuwa yana kaiwa kashi 20 cikin 100.

Wasu masanan kwaikwayon ganye suka zaɓa. A shekarar 1991 Brian O'Regan da Michael Grätzel suka bayyana wani faranti da aka shafa wa farar hodar titaniyam, irin wadda ake sawa a fenti, aka rina ta da rini mai kama haske, suka sami kusan kashi 7 cikin 100. Daga baya an gwada rinin tsirrai, har da zoɓo da lalle, a jami'o'i da dama ciki har da na Nijeriya. Suna ba da wuta, amma galibi ƙasa da kashi 1 cikin 100, sa'an nan launin yakan koɗe.

Hanya ta uku ita ce a bar halittar da ranta. A shekarar 2022 masana a Kambirij suka sanar da cewa sun zuba wasu korayen ƙwayoyin halitta na ruwa, masu kama da gansakuka, a cikin wani mazubi mai girman batirin rediyo, tare da zaren alminiyam mai karɓar ilektiron. Suka ajiye shi a bakin taga, ya riƙa kunna wata 'yar ƙwaƙwalwar kwamfuta fiye da wata 6 babu yankewa. Ko da dare wutar ba ta ɗauke ba, domin halittun suna ƙona abincin da suka tara da rana. Danginsu ne sifirulina, wadda matan Kanembu ke kwasa a tafkunan yankin Chadi su shanya su sa a miya.

Kada mai karatu ya zaci wannan wuta za ta juya fanka ko injin niƙa. Abin da ƙwaƙwalwar ta ja bai kai kashi 1 cikin miliyan na wat ɗaya ba. Amfaninta yana ga ƙananan na'urori, kamar masu auna damshin ƙasa a gona ko tsabtar ruwan rijiya, a wuraren da canja batir ke da wuya. Yawancin kayan haɗinta ruwa ne da alminiyam da roba. Faranti da batir tun ranar da aka ƙera su suke fara tsufa. Halitta mai rai kuwa tana gyara kanta, tana kuma hayayyafa, muddin akwai ruwa da rana.