Ɗalibin Da Ke Karatu Shi Kaɗai Shi Ne Ke Fāɗuwa

Iyaye da yawa mazauna Ikko, Badun da Fatakwal sun san wannan baƙin ciki: yaro ya gama sakandare da sakamako mai kyau, ya shiga jami'a don karanta likita ko injiniya, amma shekarar farko ba ta ƙare ba sai lissafi da kimiyya su kā da shi. Sai a ce ya yi wasa, ko kuwa ba shi da kai. Wani bincike da aka yi a Amurka ya nuna cewa sau da yawa ba nan gizo ke saƙa ba.

A shekarar 1975, wani malamin lissafi mai suna Uri Treisman, na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya lura baƙaƙen fata suna yawan fāɗuwa a darasin kalkulas, watau lissafin da duk mai neman digirin kimiyya sai ya bi ta kansa. 'Yan asalin ƙasar Sin kuwa suna haye shi. Da ya tambayi malamai dalili, sai suka ce talauci ne, ko rashin himma, ko raunin makarantun da suka fito, ko rashin kulawar iyaye.

Bai tsaya nan ba. Ya zaɓi ɗalibai 20 daga kowane ɓangare, ya yi ta bin yadda suke karatu har ɗakunan kwanansu. Abin da ya gani ya rushe zaton malaman. Baƙaƙen fatan nan masu himma ne, iyayensu kuma na tsaye a kansu. Sai dai kowannensu yana rufe ƙofa ya yi karatu shi kaɗai, kuma yana jin kunyar a san bai gane ba. Sinawan kuwa, bayan kowa ya yi nasa, sukan taru da maraice su ci abinci, su duba aikin juna, su yi gardama. Wanda ya kauce a gyara masa tun kafin jarrabawa.

Saboda haka a 1978 aka kafa shirin taimako. Akan haɗa ɗalibai ƙungiya-ƙungiya, su zauna sau biyu a mako, kamar awa biyu kowane zama, da malami a kusa wanda ba ya ba da amsa sai dai ya ja hankali. Abin mamaki, tambayoyin da ake ba su sun fi na aji wuya. Kuma ba a kira shirin ajin marasa ƙoƙari ba, an ɗauke shi na zaƙaƙurai ne, don kada mai shiga ya ji an ƙasƙantar da shi. Fāɗuwa ta ragu ƙwarai, har Jami'ar Texas da ke Austin da wasu da dama suka kwaikwayi tsarin.

Wannan darasi ya shafi ɗan Arewa da ke jami'a a Kudu, domin shi ma sau da yawa baƙo ne a ajinsu, abokan hirarsa daban, abokan darasinsa daban. In bai sami waɗanda zai zauna da su kan littafi ba, ko Yarabawa ne ko Ibo, to kuskurensa ba zai fito ba sai ranar da aka kafa sakamako.

Don haka in yaro ya zo hutu, kada uba ya tsaya ga tambayar ko yana karatu. Ya tambaye shi da wa yake karatun. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba yaranmu sa'a, amin.