Likitocin da ke tunkarar inda kowa ke gudu

Manomin tumatir a Ikara ko mai rake a Makarfi da Kudan bai san girgizar ƙasa ba sai a rediyo. Ko motsin da ƙasa ta yi a Kwoi, kudancin Kaduna, a Satumban 2016, tsoro ya fi ɓarna yawa. Amma a Turkiyya da Siriya, girgizar 6 ga Fabrairun 2023 ta kashe mutum sama da 50,000.

Me ya sa likitocin sa-kai ke rige-rigen isa irin wuraren nan? Saboda kwana uku na farko su ne rai. Wanda gini ya danne ya daɗe, naman jikinsa da ya mutu kan saki guba cikin jini, ƙoda ta tsaya. Sai a tono shi yana magana, ya cika bayan kwanaki idan ba a yi masa ƙarin ruwa da wankin ƙoda ba. Ga shi sau da yawa asibitin garin ma ya rushe, sai a kafa tanti a yi tiyata a ciki.

Mu ma mun ga aikinsu, ko da ƙasarmu ba ta yi babbar girgiza ba. Ƙungiyar MSF, wadda muke kira likitoci na-gari-na-kowa, an kafa ta a Faransa a 1971, kuma wasu cikin waɗanda suka kafa ta sun yi aiki a yaƙin Biyafara. A 2010 ita ce ta kwarmata cewa gubar dalma daga haƙar zinare tana kashe yara a Anka da Bukkuyum na Zamfara, inda aka rasa kusan 400. Ta zauna shekaru tana yi wa sauran magani.